Sharhi: Wane Fetur Ne Ya Dace da Mota Mai Ƙarfin Inji? Duba Daga Kontagora

Duk wanda ya tsaya na ɗan lokaci a ɗaya daga cikin gidajen man da ke kan hanyar Legas ko hanyar Yawuri a garin Kontagora zai ga ababen hawa iri-iri sun jeru a layi guda. Ga babur ɗin ɗan acaɓa, ga tsohuwar Golf mai jigilar fasinja zuwa Rijau, ga Hilux ta dillalin hatsi, sannan jefi-jefi ga Lexus ko Marsandi ta wani attajiri da ya yada zango a kan hanyarsa ta zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Waɗannan injuna ba ƙira ɗaya ba ne, kuma masu ƙera su ba mai iri ɗaya suka yi musu tanadi ba. Amma bututu ɗaya ne ke shayar da su duka, daga rumbu ɗaya da ke binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma babu abin da famfon ke nuna wa mai saye sai farashi da adadin lita.

A ƙasashe da dama, tambayar wane fetur ya fi dacewa da mota mai ƙarfin inji tambaya ce ta zaɓi tsakanin famfo biyu ko uku, kowanne da lambarsa. A Kontagora kuwa, kamar a mafi yawan garuruwan Najeriya, zaɓin bai wuce na gidan mai ba. Mai mota ya nufi inda hankalinsa ya fi kwanciya, ya biya, ya bar sauran ga Allah. A zamanin tallafi mutane kan haƙura da wannan hali, domin samun man ma kansa nasara ce. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na kama mulki, lissafin ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC da ke Abuja cikin kwanaki kaɗan, kuma ta kai naira 1,030 a watan Oktoban 2024. A wannan farashi, cika tankin babbar mota mai cin lita 90 ya zarce mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wato naira 70,000. Wanda ke biyan irin wannan kuɗi yana da haƙƙin sanin abin da ake zuba masa.

Sunan da ke rikita mutane

A takardun hukuma, sunan fetur a Najeriya shi ne PMS, kuma harafin farko ya samo asali ne daga kalmar Turanci "premium", wadda ke nufin abu mai daraja ta musamman. Wannan suna ya sa wasu masu motoci na ɗauka cewa idan aka rubuta wannan kalma a murfin tankin motarsu, to man da ake sayarwa a kowane famfo ya cika sharaɗin. Ba haka abin yake ba. A nan gida kalmar suna ce kawai da aka gada, amma a wurin masu ƙera motoci tana nufin fetur mai babbar lambar okten.

Lambar okten ma'auni ce ta yadda fetur ke jure matsi da zafi kafin ya kama wuta da kansa. A cikin inji, fistan ne ke matse cakuɗen iska da fetur, sannan fulogi ya ƙyasta masa wuta a daidai lokacin da aka tsara. Idan man ba shi da juriya, wani sashe nasa kan fashe tun wutar fulogi ba ta iso gare shi ba, sai a ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman idan mota na hawan tudu ko ta ɗauki nauyi. Wannan ita ce ƙwanƙwasa. Ta bambanta da abin da direbobi ke nufi idan suka ce inji ya buga, amma idan ta daɗe tana faruwa takan ƙone fistan da zobbansa har ta kai ga bugawar.

An ƙirƙiro ma'aunin ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1920, ta hanyar kwatanta fetur da cakuɗen sinadarai biyu: guda mai tsananin juriya da aka ba shi lamba 100, da wani mai saurin fashewa da aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da ta cakuɗen da ke ɗauke da kashi 91 cikin ɗari na sinadarin farko. Saboda haka lambar ba ta nufin ƙarfi, ba ta kuma nufin auki. Litar mai lamba 98 ba ta fi ta 91 makamashi da wani abin a-zo-a-gani ba. Amfaninta na bayyana ne kawai a injin da aka ƙera domin ya matse mai sosai, ko wanda aka ɗora masa na'urar turbo mai cusa ƙarin iska. Irin wannan inji ne ke iya fitar da doki masu yawa daga ɗan ƙaramin jiki, kuma shi ne ke fara kokawa idan aka shayar da shi man da bai kai ba.

Lambar Amurka da lambar gida

Akwai wani ruɗani na biyu da ya shafi kasuwar motocin da aka yi amfani da su, waɗanda Amurka ke kan gaba wajen turo su Najeriya. Turai da Saudiyya da Ghana da Najeriya na amfani da ma'aunin da ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa matsakaicin gwaje-gwaje biyu suke rubutawa, wanda kan yi ƙasa da RON da maki huɗu zuwa shida. Lamba 87 a famfon Amurka daidai take da kusan 91 a ma'auninmu, lamba 91 ta can kuma kusan 95 ce a nan, yayin da 93 ke kusan 98.

Ma'anar wannan ita ce, mutumin da ya sayi motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, ya ga an rubuta 91 a murfin tankinta, sannan ya ji cewa mizanin Najeriya 91 ne, zai zaci komai ya daidaita, alhali motarsa fetur mai lamba 95 take nema. Misali mai sauƙi shi ne na Toyota Land Cruiser da Lexus LX 570 na kasuwar Amurka. Injinsu ɗaya ne mai girman lita 5.7, amma littafin Land Cruiser ya amince da 87, yayin da na Lexus ya nemi 91. Yawancin motocin Marsandi da BMW da Range Rover su ma babbar lamba suke nema. Corolla da Camry da yawancin motocin haya kuwa ƙaramar lamba ta ishe su.

Mizanin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sabunta a 2017 ya sanya 91 a matsayin mafi ƙarancin lambar fetur, kuma wannan ce lambar da ke cikin mizanin bai-ɗaya na ƙasashen yankin. Abubuwa biyu ke fitowa daga nan. Na farko, motar da ke neman 95 na iya rasa maki huɗu ko da man ya cika sharaɗin doka. Na biyu, wanda ya fi shafar jama'a, motar talakawa mai neman 87 na Amurka tana tsaye ne daidai kan iyaka, babu rara. Sababbin motocin iyali ma sun koma ƙananan injuna masu turbo ko masu matsi mai yawa, kamar Honda Accord tun daga ƙirar 2018. Duk abin da ya rage wa man daraja tsakanin ma'ajiya da famfo zai taɓa su.

Motocin zamani na da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta sanar da kwamfutar mota, wadda bakanikai ke kira burenbos, ita kuma ta jinkirta wutar fulogi domin kare inji. Wannan ne dalilin da ya sa mota mai neman 95 ba ta mutuwa nan take idan aka zuba mata 91. Sai dai kariyar ba kyauta ba ce: ƙarfi kan ragu, shan mai ya ƙaru, salansa ya ƙara zafi. Kuma kwamfutar na da iyakar da ba za ta iya wucewa ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Kontagora ke kusantar maki 40 a ma'aunin salshiyos, iskar da inji ke shaƙa ta riga ta yi zafi, na'urar sanyaya ɗaki na aiki babu hutu, ga kuma doguwar tafiya da lodi. A irin wannan yanayi ne ƙwanƙwasa ta fi samun ƙofa.

Abin da ke faruwa a kan hanya

Kontagora mahaɗa ce ta hanyoyi. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori da Jebba da Mokwa ta nan take wucewa zuwa Yawuri da Sakkwato, wata kuma ta nufi Tegina, inda ake rabuwa zuwa Minna ko Kaduna. Duk da haka, garin na nesa da inda ake tace mai ko sauke shi. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 mai ƙarfin ganga 110,000 a rana, ta shafe shekaru ba ta tace komai, kuma bututan da aka shimfiɗa domin ciyar da ma'ajiyar mai ta Minna da ta Suleja sun daɗe suna fama da masu fasa su. Saboda haka a cikin tankoki man ke yin ɗaruruwan kilomita kafin ya iso, wani lokaci ya kwana biyu ko uku a hanya.

A wannan tazara ce fetur mai kyau ke iya komawa maras kyau ba tare da kowa ya ƙudurta mugunta ba. Tankar da ta ɗauko dizal ko kananzir a tafiyar baya, idan ba a tsiyaye ta sarai ba, ragowar da ke ciki za ta sauke lambar okten, domin waɗannan mayuka ba su da juriyar matsi. Idan tanka ta lalace a daji aka juye kayanta cikin wata, babu mai tabbatar da tsaftar ta biyun. Zafin rana na ƙafar da sassan man masu saurin tashi idan murfi bai rufu da kyau ba. A gidan mai kuma, rumbun ƙasa da ya tsufa kan tara tsatsa da laka, kuma da damina ruwa kan sami hanyar shiga. Bayan waɗannan duka akwai masu algus da gangan, da kuma man 'yan bumburutu da ke kwana a jarkoki cikin rana, wanda babu mai iya cewa ga asalinsa.

Gidan mai nagari kan yi wasu gwaje-gwaje kafin ya sauke tanka: a shafa wani manne a sandar awo domin gano ruwa, a auna nauyin man da zafinsa a kwatanta da takardar da ta biyo shi daga ma'ajiya. Waɗannan gwaje-gwaje na da amfani, amma ba sa bayyana lambar okten. Ita sai da na'urori na musamman. Wato shi kansa mai gidan man, sau da yawa, a kan amanar takarda yake sayarwa.

Darasin watan Fabrairun 2022

Idan ba a manta ba, a farkon watan Fabrairun 2022 hukumar da ke kula da tacewa da sufuri da rarraba man fetur, NMDPRA, ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa jiragen ruwa huɗu ne suka ɗauko man daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Ya kuma bayyana abin da ya fi tayar da hankali: takardun ingancin man sun nuna ya cika sharaɗi, domin gwajin da aka saba yi bai ƙunshi auna yawan metanol ba. Kafin a farga, motoci da dama sun lalace, kuma janye man daga kasuwa ya haddasa layukan da suka shafe makonni a faɗin ƙasa, har Majalisar Wakilai ta shiga bincike.

Abin lura a nan shi ne, metanol sinadari ne mai babbar lambar okten. Ɗan kasuwar da ke son ɗaga lambar man da bai kai ba cikin araha zai iya amfani da shi. Amma yana cin roba da wasu ƙarafa, yana kuma jawo ruwa, ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki. Wannan ya nuna cewa lamba kaɗai ba ita ce inganci ba. Yadda aka kai ga lambar shi ma abin tambaya ne.

Haka batun sinadarin salfa, wato farar wuta, yake. Kafin 2017, dokar Najeriya ta yarda da kashi 1,000 cikin miliyan a fetur, alhali a Turai iyakar ita ce kashi 10. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a watan Satumban 2016 ya fallasa yadda wasu 'yan kasuwa ke haɗa mai na musamman maras inganci domin kasuwannin Afirka. Mizanin 2017 ya rage iyakar zuwa kashi 150, sannan a watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a birnin Wagadugu da kashi 50, matakin da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta jaddada a kan man da ake shigowa da shi. Ƙasar Holan, daga 2023, da Beljiyam, daga 2024, su ma sun hana fitar da man da ya wuce wannan iyaka daga tasoshinsu. Farar wuta na kashe na'urar tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, tana lalata na'urorin da ke auna iska a salansa, tana kuma gurɓata man inji. Illarta ga huhun ɗan Adam ta fi wannan muni.

Sabuwar kasuwa, tsohon duhu

Fara fitar da fetur daga matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, a watan Satumban 2024, ya kawo gasa a kasuwar da ta daɗe a hannu guda. Matatar ta ce manta ya kai mizanin Turai, kuma a 2025 ta sanar da shirin kai mai kai-tsaye zuwa gidajen mai da tankokinta 4,000 masu amfani da iskar gas. Rage yawan hannayen da mai ke bi kafin ya iso garuruwa irin su Kontagora na iya rage gurɓata. Amma gasar ta zo da musayar zarge-zarge da ta bar mai saye cikin duhu.

A watan Yulin 2024, shugaban NMDPRA na lokacin, Injiniya Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida bai kai wanda ake shigowa da shi inganci ba. Alhaji Aliko Dangote ya mayar da martani ta hanyar gwada samfura a ɗakin binciken matatarsa a gaban shugabannin Majalisar Wakilai, inda ya ce sakamakon ya nuna akasin haka. A watan Fabrairun 2025 kuma wani bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta, inda aka zuba fetur na gidajen mai biyu a ƙananan janareto biyu domin ganin wanda zai fi daɗewa, kuma kamfanin NNPC ya yi watsi da shi a matsayin gwajin da ba na kimiyya ba. Lalle janareto biyu ba ɗakin bincike ba ne, domin ɗan bambanci a saitin kafireta ya isa ya sauya sakamako. Amma karɓuwar da bidiyon ya samu ta nuna ƙishirwar jama'a. Inda hukuma ba ta wallafa sakamakon gwaji ba, jita-jita ce ke cike gurbin.

Abin da mai mota zai iya yi yanzu

Mataki na farko ana ɗaukarsa ne tun kafin sayen mota. A duba littafinta ko murfin tanki, a san ƙasar da aka ƙera ta dominta, a kuma bambance tsakanin motar da aka ce babbar lamba wajibi ce gare ta da wadda aka ce shawara ce kawai. Ta biyun za ta yi tafiya lafiya da man gida, sai ɗan raguwar ƙarfi. Ta farkon kuwa za ta rayu ne kullum a kan kariyar kwamfutarta. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce da yawa daga masu sayen irin waɗannan motoci ba a gaya musu rariya suka saya ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓin gidan mai. Wanda ke da ciniki sosai ya fi, domin mansa ba ya daɗewa a rumbu. Yana da kyau mutum ya riƙe gida ɗaya ko biyu, ya riƙa karɓar rasidi, ya lura da yadda motarsa ke ji da kuma yawan kilomitar da tanki ke kai shi, ta yadda idan matsala ta taso za a san inda ta fito. A guji shan mai a daidai lokacin da tanka ke saukewa, domin lakar ƙasan rumbu na motsawa. Mai doguwar tafiya zuwa Tegina ko Yawuri ko Zuru ya cika tankinsa tun daga gari, kada larura ta tilasta masa sayen na jarka. Launi da wari kuma ba hujja ba ne, tunda rini ake sa wa fetur.

Mataki na uku ya shafi kula da inji da tuƙi. Lagireto mai tsafta da ruwan sanyaya inji na ainihi, da fulogi irin wanda kamfani ya ƙayyade, da sauya matatar mai a kan lokaci, duk suna rage haɗarin. Cire na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, ko rufe ido ga fitilar gargaɗi, daidai yake da korar mai gadi don yana yawan tayar da mutane daga barci. Idan rana ta take, a guji danna totur har ƙasa alhali mota na kan babbar giya tana jan jiki.

Game da ƙananan kwalaben da ake tallatawa a matsayin masu ɗaga okten, akwai buƙatar taka-tsantsan. Makin da yawancinsu ke alkawari kashi ɗaya ne cikin goma na lamba guda, don haka kwalba ɗaya ba za ta mayar da 91 ta zama 95 ba. Waɗanda ke da tasiri sosai kuma galibi na ɗauke da sinadarin ƙarfe irin su manganis, wanda ke barin jan datti a kan fulogi ya kuma toshe indomi.

Abin da ya rage ga hukumomi

Duk waɗannan dabaru ne na wanda ke lalube cikin duhu. Gyara na gaskiya yana hannun hukumomi, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar sabuwar doka. Abu na farko shi ne NMDPRA ta wajabta rubuta lambar okten a jikin kowane famfo. Da zarar an rubuta lamba, ta zama alkawarin da za a iya kama mutum da shi. Na biyu shi ne ɗaukar samfura daga famfuna a garuruwan da ke nesa da teku, ba daga tashar jiragen ruwa da ma'ajiya kaɗai ba, tare da wallafa sakamakon jiha-jiha a kai a kai, da harsunan da jama'a ke ji. Na uku shi ne hanyar ƙorafi mai sauƙi, tare da haɗin gwiwar Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta yadda wanda gurɓataccen mai ya kashe masa inji a Kontagora ba sai ya yi tattaki zuwa Abuja ba. Ƙungiyar dillalan mai ta IPMAN da ƙungiyoyin bakanikai na da rawar takawa, domin su ne ke fara ganin alamun matsala.

Na huɗu shi ne fitar da tsari bayyananne na fetur mai lamba 95 ga 'yan kasuwar da ke son sayar da shi. Alhazai sun saba ganin famfon 91 da na 95 a Saudiyya, inda ake rina na farko kore, na biyu ja, domin hana ha'inci. Ƙasar Ghana ma na sayar da nau'ukan biyu.

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren. Nau'i na biyu na buƙatar rumbu daban da famfo daban da ɗaki daban a tanka, kuma a gari kamar Kontagora masu buƙatarsa ba su da yawa, don haka zai iya daɗewa a rumbu har ya lalace. Idan sa-ido ya yi rauni, za a iya sayar da man gama-gari da farashin na musamman. Akwai kuma haɗarin ɓarnar kuɗi: ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2016 cewa direbobin ƙasar sun kashe dala biliyan 2.1 cikin shekara guda wajen sayen mai babbar lamba ga motocin da ba sa buƙatarsa. Waɗannan hujjoji na nuna cewa tsarin aiki na da muhimmanci: a fara da lamba a famfo da gwaji mai zaman kansa, sannan a bar kasuwa ta tantance inda nau'i na biyu zai yi riba, wataƙila a manyan birane da mahaɗun hanyoyi tukuna.

Wani zai iya cewa wannan damuwa ce ta masu hannu da shuni. Amma mai Lexus na da kwamfutar da ke kare injinsa, yana kuma da kuɗin gyara. Ɗan acaɓan da ya karɓi babur bashi, da manomin rani da ke dogaro da injin ban-ruwa, da mai shagon da ke raya firijinsa da janareto, ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma daga rumbu ɗaya ake zuba musu. Motar attajiri ita ce kawai ke saurin tona asirin man da kowa ke sha. Muddin famfo bai faɗi abin da ke cikinsa ba, sayen fetur a Kontagora zai ci gaba da zama cinikin biri a sama, kuma wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi shi ne zai fi kowa asara.